Sarar Itace a Gona: Ɓarna Ce Ko Girbi?

Akwai wata mas'ala wadda ta daɗe tana rikita jama'a a jihar Maradi, musamman waɗanda suka tashi suna jin gargaɗin hukuma a rediyo cewa sarar itace ita ce ummul haba'isin gurgusowar hamada, kuma suna ganin yadda ake fita dashe kowace ranar 3 ga watan Agusta, ranar da Jamhuriyar Nijar ta haɗa bikin samun 'yancinta da bikin dashen itatuwa. Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Maradi da Caduwa da Agye har ya isa Gazawa, zai ga dammunan itacen girki da gofofi da sanduna an jera a bakin hanya ana sayarwa, sa'an nan idan ya ɗaga kai ya dubi gonakin da ke bayan masu sayarwar, sai ya tarar itatuwan da ke tsaye a cikinsu sun fi na shekaru arba'in da suka wuce yawa nesa ba kusa ba. Tambayar da take tasowa ita ce, ta yaya sara ya yawaita, kuma itace ya yawaita, a wuri guda da zamani guda? Manufar wannan sharhi ita ce warware wannan ishkali, da bayyana cewa a wannan yanki ikon da manomi ya samu na saran itacen gonarsa yana cikin manyan dalilan da suka sa itacen ya rayu.

Bayanin kalmomi

Wajibi ne a fara rarrabe abubuwa huɗu da ake cakuɗawa. Dashe shi ne a reni iri a cikin leda a gandun reno, a ɗauko shi a dasa a wani wuri, a yi ta ba shi ruwa da kariya har ya kama. Sassabe, a yadda kakanni suka san shi, shi ne share gona kafin faɗuwar damina, a sare duk tohon da ya fito daga kututture, a tara a ƙone, domin gona ta fito fes. Sassaben zamani kuwa, wanda ma'aikata suke taƙaita sunansa na Faransanci da haruffan RNA, wato taimakon itace ya sake tofowa da kansa, shi ne manomi ya zo kan kututturen sabara ko kalgo ko taramniya, maimakon ya sare tohon baki ɗaya, sai ya zaɓi biyu ko uku, har zuwa biyar, mafiya ƙarfi da miƙewa, ya rage musu ƙananan rassa na ƙasa, ya sare sauran, ya bar zaɓaɓɓun su girma. Na huɗu shi ne tumɓuke, wato a haƙe kututturen da saiwarsa, ko a cinna masa wuta har ya mutu. Wannan ne kisan itace na haƙiƙa, domin sabara da kalgo da ire-irensu ba sa mutuwa don an sare kansu matuƙar saiwa tana raye a ƙarƙashin ƙasa.

Hekta, wadda za a ambata nan gaba, ma'aunin fili ce mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Ma'aikatan ruwa da gandun daji su ne jami'an gwamnati masu kaki waɗanda doka ta ɗora wa tsaron itatuwa da bayar da takardar izinin sara da cin tarar wanda ya saɓa.

Wani misali daga ƙasashen sanyi

Kafin a shiga tarihin ƙasarmu, yana da amfani a dubi wata al'ada ta nesa wadda take fito da asalin maganar a sarari. A ƙasashen Turai da Amurka, Kiristoci da yawa suna kafa koren itace mai ganye kamar allura a cikin ɗaki lokacin bikin Kirsimeti, su ƙawata shi da fitilu. Al'ada ce ta mutanen ƙasar sanyi, ba farilla ce ta addininsu ba. Ta yi ƙarfi a ƙasar Jamus tun ƙarni na 16, ta bazu a Ingila bayan da wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da irin wannan itace a shekarar 1848. Da farko daga daji ake sarowa, har masu kishin daji suka fara kuka da ɓarnar da ake yi, sa'an nan a shekarar 1901 wani manomi a jihar New Jersey ta Amurka ya dasa dubban itatuwan a gonarsa da niyyar sayarwa, daga nan kuma noman ya zama sana'a. A yau ana sayar da miliyoyin waɗannan itatuwa kowace shekara a Amurka kaɗai, kuma mafi yawansu daga gona suke fitowa.

Daga cikin gonakin akwai waɗanda mai saye yake zuwa da iyalinsa, a ba shi zarto, ya zagaya cikin layuka ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai, ya yanke da hannunsa, ya biya, ya ɗaure a kan mota. Baƙon da ya ga haka zai iya zaton ɓarna ake yi, alhali mai gonar ya yi shekara bakwai zuwa goma yana renon kowane itace, yana yi masa aski don ya yi siffa, kuma da bazara zai dasa wani a gurbin wanda aka yanke. Wasu ma sukan bar kututture da 'yan rassan ƙasa don sabon kai ya tofo daga gare shi. Abin lura a nan shi ne, da za a haramta wa wannan manomi yankan itacensa, da ba zai sake dasa ko ɗaya ba, da ya mayar da filin ga masara. Bambancin da ke tsakaninsa da manomin Agye mai yawa ne, domin na farko ado yake nomawa na mako kaɗan, na biyu kuwa wutar girki da rufin ɗaki da abincin dabba yake nema; amma ƙa'idar da ta tsayar da itace a gonakinsu guda ce.

Yadda gonaki suka zama fili

Ba a rana ɗaya itatuwan wannan yanki suka ƙare ba, kuma ba dalili ɗaya ya ƙarar da su ba. Tun asali, a al'adar Hausawa, wanda ya sari daji shi ne mai gona, kuma wannan ya dace da abin da malaman mazhabar Malikiyya suka zayyana a babin raya matacciyar ƙasa, inda suka lissafa haƙa rijiya da gini da dashe da huɗa, har da sare itatuwan kurmi, cikin ayyukan da suke tabbatar wa mutum mallakar fili. A zamanin da mutane ba su da yawa, daji kuma yana da faɗi, wannan bai zama illa ba, saboda gonar da ta gaji akan bar ta saura shekaru, itace ya mayar da kansa. Amma da jama'a ta ƙaru, kuma Turawan mulkin mallaka suka matsa a kan noman gyaɗa domin biyan haraji, har Maradi ta zama cibiyar cinikinta, sai saura ta ragu, malaman gona kuma suka riƙa koyar da cewa manomin kirki shi ne wanda gonarsa ba ta da kututture ko ɗaya da zai tare garmar shanu.

A kan wannan kuma sai doka ta zo ta ƙara nata. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta ranar 4 ga Yuli 1935, da wadda Nijar ta kafa bayan 'yanci a watan Maris 1974, sun sanya daji a hannun gwamnati, sun kuma ware wasu itatuwa, irin su gawo da kuka da tsamiya da goriba da giginya, waɗanda ba a taɓa su sai da izini ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Niyyar masu dokar kariya ce, babu shakka, amma natijar da ta haifar a zuciyar talaka ita ce, itacen da ya girma a gonarsa ya zama na hukuma, ya kuma zama sanadin tara idan shi ko wani ya datse reshensa. Saboda haka hikimar manomi ta koma ga kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin ya kai girman da idon ma'aikaci zai gan shi. Da farin 1973 zuwa 1974 ya auku, sa'an nan na 1984 ya biyo baya, mutane suka faɗa wa sauran itatuwan suna sayarwa don su sayi hatsi, iska ta samu hanya, har ya zama manomi yakan shuka gero sau biyu ko uku a damina ɗaya saboda rairayi yana binne tsiron ko ya yanke shi, mata kuwa suka koma girki da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su zauna a gona su zama taki.

Farkon juyawar al'amari

A watan Mayu 1984, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a birnin Maradi a kan yaƙi da hamada, wanda ya fitar da ƙudurin da ake kira Alkawarin Maradi. An kashe dukiya mai yawa a wancan zamani wajen dashen dogon yaro da turare da sauran baƙin itatuwa, amma kaɗan ne daga abin da aka dasa ya rayu, saboda ƙishirwa da awaki da gara, da kuma rashin wanda zai ce wannan nawa ne.

A daidai lokacin ne wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura a shekarar 1983 cewa 'yan kurmin da ake gani barbaje a gonaki, waɗanda ake sarewa kowace bazara, tohon manyan itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu kuma tana nan da ranta, ta riga ta kai ga danshin ƙasa. Itacen da yake da irin wannan saiwa ba ya bukatar leda ko ban ruwa, yana kuma girma cikin shekara biyu ko uku fiye da yadda dasasshe zai yi. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona a ƙauyuka masu yawa. Da rabon ya ƙare, mutane da dama suka sare abin da suka bari, amma waɗanda suka riƙe nasu suka ga geronsu bai ragu ba, ga kuma itacen girki a kusa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Abin da ya ba wannan aiki ƙafa shi ne sassaucin da aka nema daga ma'aikatan gandun daji na yankin, cewa wanda ya reni itace a gonarsa ba za a ci shi tara ba idan ya yi amfani da shi. Daga baya dokoki suka biyo sawun abin da ya riga ya faru a ƙasa: dokar kasuwannin itace na karkara a 1992, kundin dokokin karkara a 1993, sabuwar dokar gandun daji a 2004, sa'an nan dokar 30 ga Yuli 2020 wadda ta keɓanta ga sassaben zamani, ta kuma amince wa mai renon itace da haƙƙin cin moriyarsa bisa sharuɗɗa.

Darasin Ɗan Saga

A gundumar Agye, wadda Gazawa take cikinta har zuwa 2011 da aka ba ta gundumarta, asusun bunƙasa aikin gona na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira FIDA, ya tallafa wa ayyukan raya karkara tun shekarun 1990, daga baya kuma aka kafa shirin PPILDA wanda ya dogara ga dabarun da manoma suka ƙirƙiro da kansu. Ƙauyen da sunansa ya fi fita a wannan fage shi ne Ɗan Saga. Mutanensa sun gane tun da wuri cewa izinin hukuma kaɗai bai wadatar ba, domin manomi yana iya renon itace shekara uku, wani ya zo da dare ya sare, idan kuwa haka ta yawaita kowa zai yanke ƙauna. Sai suka kafa kwamitin tsaro na gari, suka sa mata a ciki, suka sa wakilan Fulani makiyaya, suka yi ƙa'idojin sara da tara tare da yardar mai gari da ma'aikatan gandun daji, daga bisani suka buɗe kasuwar itace inda mai gona yake kawo abin da ya girba. A ganina wannan shi ne mafi muhimmancin abin da yankin ya koyar, fiye da dabarar riƙe adda, saboda yankan toho abu ne da yaro zai koya da hantsi ɗaya, amma samun gari ya yi ittifaƙi a kan haƙƙin kowa aiki ne na shekaru.

Binciken da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Larwanu Mahaman suka yi, inda suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekarar 2000, ya kai su ga ƙiyasin cewa kimanin hekta miliyan 5 na gonaki a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maradi da Damagaram, sun sake samun itatuwa, adadin da aka ƙiyasta da miliyan 200. A shekarar 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, a shekara guda da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Saɓanin ra'ayoyi

Ba kowa ne ya yarda da wannan bayani yadda aka kawo shi ba, kuma adalci ne a saurari masu ja. Wasu masana suna cewa ruwan sama ne ya kyautatu bayan shekarun fari, shi ya sa ƙasa ta yi kore. Gaskiya ne damina ta fi ta 1984 kyau, kuma ba itacen da zai girma ba ruwa. Sai dai hotunan sun nuna itatuwan sun fi yawa a gonakin da ke kewaye da garuruwa masu cunkoson jama'a, ba a dajin da ba mai shi ba, alhali ruwan da ya sauka a kansu ɗaya ne.

Wasu kuma, musamman dattawa, suna ƙin a ce baƙo ne ya kawo abin, suna kafa hujja da cewa Bahaushe bai taɓa sare gawo a gonarsa da gangan ba, domin ya san yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, yana kuma yin ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabba take cikin matsi, ga ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka. Har ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu yake yi wa mai saran gawo. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma a Magarya da Matamaye da Mirya gonakin gawo sun bunƙasa ba tare da wani shiri na waje ba. Abin da za a ce sabo ne shi ne ɗaukar sabara da kalgo, waɗanda a da ake ƙirga su cikin dattin gona, a mayar da su amfanin gona.

Ma'aikatan gandun daji suna da nasu tsoro, cewa idan aka saki linzami, mai sara a dajin gwamnati, kamar na Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado a Agye ko na Baban Rafi da ke ciyar da birnin Maradi da itace, zai fake da cewa daga gonarsa ya saro. Tsoro ne mai tushe, maganinsa kuwa shi ne shaidar kwamitin gari da kasuwa sananniya, domin komawa ga cin tarar kowa zai mayar da manomi ga kashe tsiro kamar da.

Makiyaya su ma suna da ƙorafi wanda ba a cika saurara ba. A da, bayan girbi, gona takan zama ta kowa, makiyayi ya sassabo reshen gawo ya ba garkensa, kuma akwai hadisin da ya nuna mutane suna tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Yanzu da kowane itace ya sami mai shi, kuma gonaki suka matse burtali, abin da yake halal jiya ya zama dalilin husuma. Haka nan wanda yake noma gonar aro ko jingina ba ya samun ƙwarin gwiwar reno, wani lokaci ma mai gonar ne yake hana shi, don gudun kada itacen ya zama hujjar mallaka gobe; mata kuwa, waɗanda su ne suka fi kowa sanin wahalar itace, gonakinsu galibi gayauna ce a cikin ta miji. Fiƙihun Malikiyya yana da babin mugarasa, wato yarjejeniyar da mai fili yake yi da mai dashe a kan su raba abin da ya girma bisa kaso sananne, kuma ya kamata malamai da sarakuna su duba yadda za a yi ƙiyasi a kansa domin masu aron gona.

Abin da ake tsammani nan gaba

Amfanin da aka riga aka gani a fili yake: iska ta ragu a gonakin jigawa, ganye yana zuba ya zama taki, dabbobi suna samun kalgo da 'ya'yan gawo da rani, mata sun rage doguwar tafiya, magidanci kuma yana da abin sayarwa idan rumbu ya yi ƙasa. A matsin abinci na 2005, wanda ya tsananta a jihar Maradi, masu bincike sun ruwaito cewa ƙauyukan da suke da itatuwa sun fi samun abin da za su jingina da shi. Wannan ita ce sadakar da hadisin Anas, wanda Buhari da Muslim suka fitar, ya yi wa mai shuka bushara da ita duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukarsa. Wasiyyar da Halifa Abubakar ya yi wa rundunarsa ta hana sare itace mai 'ya'ya kuwa hani ne ga ɓarna, bai shafi mai girbin abin da ya rena ba.

Amma akwai iyaka da bai kamata a ɓoye ba. Sassaben zamani yana tayar da abin da saiwarsa ko irinsa yake cikin ƙasa ne kawai, shi ya sa mafi yawan abin da ya dawo sabara ne da kalgo da taramniya da geza, masu saurin tofowa. Kirya, wadda maƙera suke so don gawayinta, masassaƙa kuma don turmi, tana da jinkirin girma, ana kuma sare ta fiye da yadda take mayarwa; haka ɗorawa da kaɗanya da tsamiya sun yi ƙaranci a wurare da yawa, goribar Gulbin Kaba kuma tana shan yankan kaba tun tana ƙarama saboda tabarma da igiya, har ba ta samun damar miƙewa. Irin waɗannan sai an haɗa da dashe da shuka iri da kariya ta musamman, kuma a nan ne ranar 3 ga Agusta take da babban aiki idan aka zaɓi irin da ƙasa ta rasa, aka kuma danƙa kowane dashe ga mutum sananne.

Sa'an nan gonaki suna ƙara tsukewa da rabon gado, biranen Maradi da maƙwabciyarta Katsina suna ƙara neman itace da gawayi, farashi yana jan manomi ya sare kafin lokaci. Dokar 2020 ba za ta yi tasiri ba sai an fassara ta da Hausa da Fulatanci, an karanta ta a rediyon karkara da fadar masu gari daga Cadakori da Tsibiri har Gangara, domin manomi ya san wane itace zai sara da ikon kansa, wane ne sai ya nemi takarda, nawa ne kuɗinta, kuma gaban wa zai kai ƙara idan aka ci shi tarar da doka ba ta ce ba.